Adrian Mutu da Chelsea: yadda kuɗin da aka saye shi ya koma bashi a wuyansa

A watan Agusta na 2003 Chelsea ta biya Parma ta Italiya yuro miliyan 22.5 don ta ɗauki Adrian Mutu, ɗan wasan gaba na ƙasar Romaniya mai shekara 24. Ko sisi a cikin wannan kuɗi bai shiga aljihun Mutu ba, ciniki ne tsakanin ƙungiya da ƙungiya. Amma bayan shekara biyar hukumar FIFA ta yanke cewa shi da kansa zai mayar wa Chelsea da yuro 17,173,990, kuma duk kotun da ya garzaya daga baya ta bar hukuncin yadda yake. Masu kallon Firimiya da yawa abin da suke tunawa kawai shi ne an kore shi saboda hodar ibilis. Wannan gaskiya ne, sai dai korar ba ita ce ta sa ake nazarin lamarin har yau ba. Abin nazarin shi ne lissafin da ya biyo baya, da kuma yadda mutumin ya buga mafi kyawun ƙwallonsa yana ɗauke da bashin.

Yadda farashinsa ya kai haka

An haifi Mutu ranar 8 ga Janairu 1979 a Călinești, lardin Argeș. Ya fara buga babbar gasar ƙasarsu da Argeș Pitești, daga nan Dinamo ta birnin Bukarest ta ɗauke shi. A rabin farko na kakar 1999 zuwa 2000 ya ci ƙwallo 18 a wasa 18, sai Inter Milan ta saye shi a Janairun 2000. Can bai yi armashi ba: wasa 10 a Serie A, babbar gasar Italiya, ba ƙwallo ko ɗaya. Verona ce ta ba shi fili. Ya ci 4 a kakar farko, 12 a ta biyu, duk da cewa ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2002.

Kaka ɗaya ce tak ta ɗaga farashinsa, ta 2002 zuwa 2003 a Parma, ƙarƙashin koci Cesare Prandelli. Ya ci 18 a wasa 31, Parma ta ƙare ta biyar. Ya kamata a lura da yadda aka yi amfani da shi a wannan kaka, domin nan ne asalin bayanin abin da ya lalace daga baya. Mutu ba lamba tara ba ne mai tsayawa tsakanin masu tsaron baya yana jiran a bugo masa. Mai bugu da ƙafar dama ne da ke son farawa daga gefen hagu, ya karɓi ƙwallo a ƙafa, ya yanko ciki ya buga, ko ya miƙa wa wanda ke gabansa. A Parma wanda ke gabansa Adriano ne na Brazil, ƙato mai ƙarfi da ke jan masu tsaron baya biyu ya bar masa sarari. Ga koci da ya yarda da shi, yana sa shi kowane mako, ya kuma bar masa bugun tazara da fenariti. Abu uku ke nan: abokin gaba mai ɗaukar nauyi, matsayi tsayayye, da amincewar koci. Duk inda ya sami waɗannan uku a rayuwarsa ya ci ƙwallo, inda ya rasa su kuma ya dusashe.

Wata goma sha huɗu a Landan

Attajirin Rasha Roman Abramovich ya sayi Chelsea a tsakiyar 2003, ya buɗe bakin jaka. Kwantiragin da Mutu ya sa wa hannu na shekara biyar ne, zuwa ƙarshen Yunin 2008. Albashinsa fam miliyan 2.35 a shekara kafin haraji, da kuɗin sa hannu fam 330,000, sannan ƙungiyar ta biya la'adar dillali yuro 500,000. A riƙe waɗannan adadi, za su dawo.

Farawa ta yi kyau ƙwarai. Ya ci Leicester a wasansa na farko, ya ci Blackburn, ya zura wa Tottenham biyu: ƙwallo 4 a wasa uku na farko. Ya kuma ci Lazio a gasar zakarun Turai. A karawa ta biyu da Lazio ɗin, a birnin Rum, shi ne Siniša Mihajlović na Lazio ya tofa wa yawu, har UEFA ta dakatar da Mihajlović wasa takwas. Daga nan sai rijiya ta ƙafe. A sauran wasa 22 da ya buga a Firimiya a wannan kaka, biyu kacal ya ƙara.

Dalilan cikin fili a bayyane suke. A watan da aka ɗauke shi aka ɗauko Hernán Crespo daga Inter, ga Jimmy Floyd Hasselbaink da Eiður Guðjohnsen da ya tarar. Gefen hagun da yake so an sayo masa Damien Duff. Koci Claudio Ranieri kuwa mutum ne da ba ya barin jerin 'yan wasa ya kwana biyu bai taɓa shi ba, yau wannan da wannan, gobe wasu. Ɗan wasan da ya dogara da sabawa da motsin abokin gabansa ba zai yi ƙarko a irin wannan tsari ba. Wanda ya bi Chelsea a wancan zamani, lokacin da Celestine Babayaro ɗan Kaduna ke cikin masu tsaron bayanta, zai tuna cewa ƙungiyar ta ƙare ta biyu a bayan Arsenal, ta kai wasan kusa da ƙarshe a Turai, amma a watannin ƙarshe ba a cika jin sunan Mutu ba.

José Mourinho ya karɓi ƙungiyar a Yunin 2004, ya kawo Didier Drogba da Mateja Kežman. Mutu ya koma benci, wasa biyu kawai ya shiga a gasar. A farkon Oktoba suka yi sa-in-sa a fili: koci ya ce yana da rauni, shi kuma ya ce lafiyarsa lau, ya tafi ya buga wa Romaniya wasan neman shiga gasar cin kofin duniya da Jamhuriyar Czech. Jimillar abin da ya yi wa Chelsea a Firimiya wasa 27 ne da ƙwallo 6.

Oktoban 2004, mataki-mataki

Ranar 1 ga Oktoba hukumar ƙwallon Ingila ta yi masa gwajin fitsari, kuma ba na caca ba ne, shi aka nufa. Ranar 11 ga wata sakamako ya fito da hodar ibilis. Ita wannan hoda ba ta daɗewa a jini, amma ragowar da hanta ke sarrafawa kan zauna a fitsari kwana biyu zuwa huɗu, fiye da haka ga wanda ya saba sha. Fitsarin gwaji akan raba shi kwalba biyu, kuma ɗan wasa na da damar neman a buɗe ta biyun a sake dubawa. Mutu bai nema ba, ya amsa laifinsa. Ranar 28 ga Oktoba Chelsea ta soke kwantiraginsa nan take. Ranar 4 ga Nuwamba hukumar Ingila ta dakatar da shi wata bakwai tare da tarar fam 20,000, FIFA kuma ta faɗaɗa dakatarwar ta shafi duniya baki ɗaya.

A nan Chelsea na da hanya biyu. Za ta iya riƙe shi, ya gama wata bakwai, ta sayar da shi a kan abin da ya sauwaƙa. Ɗan shekara 25 da ya ci 18 a Italiya ba zai rasa mai saye ba. Ko kuma ta kore shi, ta yi asarar darajarsa gaba ɗaya a littafinta, sannan ta bi shi kotu. Ta zaɓi ta biyu. Ba sabon abu ba ne ƙungiyar ta kori mai shan hoda, domin ta taɓa yi wa mai tsaron gida Mark Bosnich haka. Bambancin shi ne Bosnich kyauta ya zo daga Manchester United, babu kuɗin saye da za a nema a wurinsa. Mutu kuwa akwai miliyoyi rubuce da sunansa a littafin akanta.

A Janairun 2005, tun dakatarwar ba ta ƙare ba, Juventus ta ɗauke shi ba ta biya kowa komai ba. Amma akwai 'yar tangarɗa. Romaniya ba ta shiga Tarayyar Turai ba sai 2007, kuma dokar Italiya ta ƙayyade yawan 'yan wasan wajen Tarayyar da ƙungiya za ta shigo da su daga ƙetare. Juventus ba ta da gurbi. Sai aka bi ta Livorno, wadda ke da shi: ta yi masa rajista, ta miƙa wa Juventus. Wannan dabara daga baya ta jawo wa ƙungiyoyin biyu shari'a. Ya fara buga wa Juventus a ƙarshen Mayun 2005, kakar da ta biyo baya kuma ya ci 7 a Serie A ƙarƙashin Fabio Capello, yawanci daga gefe, domin gaba akwai Trezeguet da Ibrahimović da Del Piero.

Yadda aka kai ga yuro 17,173,990

Tambaya ta farko da kotuna suka warware ita ce: wa ya karya kwantiragi? A ido, Chelsea ce ta kore shi. Lauyoyin Mutu sun tsaya a kan haka, suka ce dokar FIFA ta biyan diyya tana magana ne a kan ɗan wasan da ya tattara kayansa ya gudu wata ƙungiya, ba wanda aka sallama ba. Kwamitin ɗaukaka ƙara na Firimiya a Afrilun 2005, da kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta CAS da ke Lausanne a Disambar 2005, duk suka ce a'a. Wanda ya aikata abin da ya ba ɗaya ɓangaren hujjar soke yarjejeniya, shi ne ya karya ta, ko da ba shi ya rubuta takardar sallama ba. Wannan hukunci shi ne ginshiƙin komai.

Sai batun nawa. Kwamitin sasanta rikici na FIFA ya fara cewa ba huruminsa ba ne, a 2006. CAS ta mayar masa da maganar a 2007, ta ce huruminsa ne. Ranar 7 ga Mayu 2008 ya fitar da adadi.

Hanyar lissafin mai sauƙi ce, irin ta mai motar haya. Mutum ya sayi mota yana sa ran ta yi masa aikin shekara biyar, to kowane wata yakan cire wani kaso na kuɗin sayenta a matsayin wanda ya mora. Idan ta salwanta bayan shekara ɗaya, asararsa ita ce kason da bai kai ga mora ba. Haka ƙungiyoyin Turai ke rubuta kuɗin sayen ɗan wasa: a raba shi daidai a kan tsawon kwantiragi. Shekara biyar wata 60 ke nan. Daga ƙarshen Oktoban 2004 zuwa ƙarshen Yunin 2008 saura wata 44. Sai aka ɗauki kashi 44 cikin 60 na abu uku. Na kuɗin saye, yuro miliyan 22.5, ya ba da miliyan 16.5. Na kuɗin sa hannu ya ba da fam 242,000, wato yuro 307,340 a canjin lokacin. Na la'adar dillali kwamitin ya sa shi a yuro 366,650. A haɗa, 17,173,990. A kan wannan aka ɗora kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a shekara, wanda shi kaɗai ya haura yuro 850,000 duk shekara.

A auna wannan da abin da ya samu. Wata goma sha huɗu da 'yan kwanaki a kan fam miliyan 2.35 a shekara bai kai fam miliyan 3 ba, kafin a cire haraji. Ke nan bashin ya ninka duk albashin da Chelsea ta taɓa biyansa sau da yawa.

Mutu ya ɗaukaka ƙara zuwa CAS da hujjoji masu nauyi. Ya ce bai da baki a farashin da Chelsea da Parma suka daidaita, don me zai ɗauki nauyinsa? Ya ce da a ce ya taso daga makarantar horon Chelsea, ko ya zo kyauta, laifin ɗaya ne amma diyyar kusan babu. Ranar 31 ga Yuli 2009 kotun ta kori ƙarar. Ta bi dokar Ingila, wadda ke tambayar ko asarar abu ce da ɓangarorin biyu za su iya hangowa a ranar sa hannu. Ta ce Mutu ya san an saye shi da kuɗi masu yawa, ya kuma san ƙungiyar na sa ran morar aikinsa shekara biyar. Har ma ta nuna cewa da nata lissafin za a bi, asarar Chelsea ta zarce abin da FIFA ta yanke, sai dai ba za ta ƙara ba tunda Chelsea ba ta ɗaukaka ƙara a kan adadin ba.

A ganinmu hujjar Mutu ta biyu ba ta sami gamsasshiyar amsa ba. Lissafin yana auna asarar ƙungiya daidai, amma yana ɗauka kamar ba ta da wani zaɓi face ta zubar da darajar ɗan wasan. Alhali a Yulin 2006, bayan badaƙalar alƙalan wasa ta jefa Juventus rukuni na biyu, Fiorentina ta biya yuro miliyan 8 ta ɗauke shi. Darajar tana nan, ba ta ƙone ba. Juventus ce ta ci ribarta, ita da ba ta biya komai ba. Wannan bai wanke Mutu daga laifi ba, shi ya sha hodar da hankalinsa. Amma wanda ya yi asara, da wanda ya ci riba, da wanda aka ce ya biya, mutum uku ne daban.

Shekarun Fiorentina

A Fiorentina ya sake haɗuwa da Prandelli, abubuwan nan uku suka dawo. Luca Toni ne a gaba a kakar farko, dogo mai riƙe ƙwallo, Mutu na bayansa ta hagu. Ƙungiyar ta fara kakar 2006 zuwa 2007 da hukuncin rage maki, wanda ya tsaya a 15, amma ta ƙare ta shida. Mutu ya ci 16, aka ba shi kyautar Guerin d'Oro ta ɗan wasan da ya fi kowa samun makin 'yan jarida a Serie A. Toni ya tafi Bayern Munich, nauyi ya dawo kansa, ya ci 17 a kaka ta gaba, Fiorentina ta ƙare ta huɗu, ta kuma kai wasan kusa da ƙarshe na kofin UEFA inda Rangers ta fitar da ita a bugun fenariti. Kaka ta uku, tare da Alberto Gilardino, ya ci 13 a wasa 19 kacal saboda raunuka. Duk wannan ya faru ne a daidai shekarun da takardun shari'a ke kai-kawo tsakanin Zurich, mazaunin FIFA, da Lausanne.

A gasar ƙasashen Turai ta 2008, ranar 13 ga Yuni, shi ya ci wa Romaniya a wasan da suka tashi 1-1 da Italiya mai riƙe da kofin duniya. Saura kamar minti goma aka ba su fenariti. Ya buga da ƙarfi kusa da tsakiya, mai tsaron gida Gianluigi Buffon ya taɓa da hannu, ƙwallo ta bugi ƙafarsa ta fita. Romaniya ta sha kashi 2-0 a hannun Holan a wasa na gaba, ta koma gida.

Sai ya sake faɗawa. A Janairun 2010 aka sami sinadarin sibutramine a fitsarinsa sau biyu, bayan wasa da Bari a Serie A da kuma bayan wasa da Lazio a kofin Italiya. Maganin rage cin abinci ne da ake sawa a kayan rage ƙiba, yana kuma cikin jerin abubuwan da aka haramta wa 'yan wasa a lokacin gasa. A dokar hana shan abin ƙara kuzari, ba a tambayar niyya kafin a tabbatar da laifi: duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa alhakinsa ne, niyya sai wajen auna tsawon hukunci. An dakatar da shi wata tara, zuwa ƙarshen Oktoba. Ya rasa karawar da Fiorentina ta yi da Bayern Munich a zagayen 'yan 16 na gasar zakarun Turai, wadda ta faɗi saboda ƙa'idar ƙwallon waje. Bai sake komawa yadda yake ba. Ya bar Fiorentina a 2011 da ƙwallo 54 a wasa 112 na Serie A.

Sauran tafiyar gajera ce. Cesena, inda ya ci 8 ya kai jimillar 103 a Serie A. Ajaccio ta Faransa, inda ya ci 11 a kakar farko. Sai Petrolul Ploiești a gida, Pune City a Indiya, da Târgu Mureș, inda ya rataye takalmi a 2016. Ya buga wa Romaniya wasa 77, ya ci 35, daidai da Gheorghe Hagi, su biyu ke riƙe da tarihin yawan ƙwallo a ƙasar. Sau huɗu ana zaɓensa gwarzon ɗan ƙwallon Romaniya: 2003, 2005, 2007 da 2008.

Neman wanda zai biya

Kotun ƙoli ta tarayyar Siwizalan, wadda a lokacin ita kaɗai ke iya duba hukuncin CAS, ta ƙi rushe shi a Yunin 2010. Ita ba ta sake auna hujjoji, tana duba ne kawai ko an bi ƙa'ida ko an saɓa wa tushen doka. Chelsea kuma ta san samun hukunci daban, karɓar miliyan 17 daga mutum ɗaya daban. Sai ta juya kan Juventus da Livorno, domin dokar FIFA ta wancan lokaci ta tanadi cewa sabuwar ƙungiyar ɗan wasan da ya karya kwantiragi tana tarayya da shi wajen biyan diyya. A 2013 FIFA ta ba Chelsea gaskiya. A Janairun 2015 CAS ta rushe wannan. Dalilinta shi ne an yi tanadin ne don hana ƙungiyoyi zuga 'yan wasan wasu su gudo, a nan kuwa Chelsea ce ta sallami mutumin da kanta tun kafin su ɗauke shi, babu wanda ya zuga shi. Idan aka ɗora wa duk mai ɗaukar korarren ɗan wasa bashinsa, ba mai sake ɗaukarsa aiki. Hukuncin na da ma'ana, amma sakamakonsa shi ne bashin ya koma kan Mutu shi kaɗai.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. Can ba a kan kuɗin ya yi ƙorafi ba, a kan alƙalan CAS ne. Ya ce ɗaya daga cikin ukun da suka yanke hukuncin 2009 ya riga ya zauna a shari'ar 2005, wani kuma ofishin lauyoyinsu na da alaƙa da mai Chelsea. An haɗa ƙararsa da ta Claudia Pechstein, Bajamushiya mai tseren kan ƙanƙara. Ranar 2 ga Oktoba 2018, shekara biyu bayan ya daina wasa, kotun ta ce shari'o'in biyu tambayoyi daban suka amsa, zargi na biyu kuma bai kawo masa hujja ba. Pechstein ta yi nasara a kan batu ɗaya, na hana ta zaman sauraro a bainar jama'a. Mutu bai sami komai ba.

Dokokin da aka yi masa hukunci da irinsu sun girgiza daga baya, amma ta hannun wani. Lassana Diarra, wanda shi ma ya taɓa buga wa Chelsea, ya yi rikici da Lokomotiv Moscow, aka ce ya biya yuro miliyan 10.5, ƙungiyar Charleroi ta Beljiyam kuma ta janye daga ɗaukarsa don tsoron tarayya a bashin. Ranar 4 ga Oktoba 2024 kotun Tarayyar Turai ta ce wasu sassan dokar FIFA, ciki har da yadda ake lissafin diyya da ɗora wa sabuwar ƙungiya nauyi kai tsaye, sun saɓa wa dokar Tarayyar. FIFA ta fitar da ƙa'idojin wucin gadi a Disambar wannan shekara, shekara ashirin da 'yan makonni bayan ranar da Chelsea ta miƙa wa Mutu takardar sallama.